Ɗan Gyartai da Jirgin Roba

Masu iya magana sun ce, "Ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta." Duk wanda ya dubi wannan karin magana da idon basira zai ga inda Bahaushe ya ajiye mai ɗinkin ƙwarya, watau can ƙarshen sahu, har ma in Allah ya ɗaukaka shi, abin da zai fara roƙo shi ne a manta da sana'arsa. To, ni kuwa yau bayan nake so in tuna. Kakana na wajen uwa gyartai ne, ɗansa kuma, watau kawuna, shi ya gaji sana'ar, sai dai ƙwarya ta ƙare masa a hannu, roba ta maye gurbinta. Labarin wani aiki da ya taɓa yi a gabana nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, don ina ganin akwai abin dubawa a cikinsa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Gezawa, arewa maso gabas da birnin Kano, kusa da hanyar da ta wuce Ringim da Gumel. Wuri ne da gona ke jingine da gona, babu daji, babu saura. Marigayi Farfesa Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya kuma a Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986, ya yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan yanki da ya kewaye Kano. Ya nuna yadda ake noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ƙasa ba ta mutu ba, saboda takin dabbobi da toka da sharar birni da jakuna kan kwaso su kai gona. Mu da muka tashi a ciki ba mu ɗauki abin a bakin komai ba. Mun dai san cewa a gidajenmu ba a zubar da abu sai ya gama mutuwa sarai. Harawa ta awaki ce, kara na danni ne da girki, tsohon zane ya koma tsumma, fasasshiyar ƙwarya kuma a ajiye ta sai gyartai ya zo, ya huda gefe da gefe, ya ɗinke, ta koma bakin aikinta.

Da bokitin roba da baho da buta da jarka suka cika gidaje, halin mutane bai sake ba, kayan ne kawai suka sake. Sai kawu ya ajiye basillar ubansa, ya nemi kurfoti da gawayi da tsofaffin wuƙaƙe guda huɗu, da wani buhu da ya cika da guntayen roba iri-iri. Ranar kasuwa za ka same shi a gindin darbejiya, wuƙaƙe na cikin garwashi, ya zaro wannan ya mai da waccan. Mata na kawo baho, 'yan garuwa na kawo jarkoki, almajirai na kawo robar bara da silifas da ya tsinke. Aiki ne na hayaƙi da wari, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Amma abin da na lura da shi tun ina yaro shi ne, kawu ba ya ɗaukar guntun roba haka kawai ya liƙa. Sai ya tona buhun nan ya yi ta juyawa, ya lanƙwasa wannan, ya karce wancan da farce, wani ma ya ɗan ƙona bakinsa ya shinshina. In aka gaji da jira aka ce ya yi sauri, sai ya ce, "Roba dangi gare ta kamar mutane. Ba a yi mata auren dole, in ka yi mata, kwana biyu za ta yi yaji."

Mai karatu zai ce, to me ya haɗa Gezawa da jirgin ruwa, ƙasar gero da gyaɗa? Abin da ya haɗa su shi ne dam ɗin Jakara da ke Wasai, a ƙasar Minjibir, maƙwabciyarmu. An gina shi a 1976, cikin jerin madatsun ruwan da Jihar Kano ta tasar wa ginawa tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, irin su Bagauda da Tiga. Kogin Jakara daga cikin birni ya fito, ya kwaso dagwalon unguwanni da na masana'antun Bompai, don haka ruwan ba abin yabo ba ne. Duk da haka mutane na ci daga gare shi, masu lambu a bakinsa, masunta a kansa, wasu a kan gora, wasu a kwalekwalen katako.

Wani rani, ina hutun ƙarshen zango, sai ga wani dattijo masunci daga wajen dam ɗin ya iso ƙofar gidan kawu da wani abu shuɗi a ɗaure a kan amalanke. Yara suka yanyame shi. Ashe ɗan ƙaramin jirgi ne na roba, na mutum biyu, gwanjo, wanda ɗansa da ke aiki a Legas ya aiko masa a saman tirela. Dattijon ya ce ya ji daɗinsa ƙwarai, ba ya ruɓewa, ba ya jiƙewa ya yi nauyi, yara biyu sai su ɗauke shi. Sai ran nan ya hau kan wani kututture da ke ɓoye a ruwa, ƙasansa ya tsage, tsawon tsagar ya kai taƙi ɗaya da rabi. Ba abin da ba su gwada ba. Sun sa sufa-gulu, sun sa Araldite, sun narka kwalta sun shafa kamar yadda ake yi wa na katako. Kowanne sai ya kwana biyu ya ɓanɓaro kamar ɓawon ƙwai.

Kawu ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa, ya sa babban yatsa ya danna gefen tsagar. Sa'an nan ya ce, "Baba, wa ke shiga cikinsa?"

Dattijo ya ce, "Ni da jikana."

"Ya iya ruwa?"

"Yana dai koyo, Malam."

Kawu ya yi shiru wani lokaci. Can ya ce a bar masa jirgin kwana huɗu, kuma ba za a yi maganar kuɗi ba sai ya ga abin da ya gani. Da dattijon ya tafi na ce, "Kawu, ai kai da ke gama bokiti kafin a sha fura, me zai ci kwana huɗu a nan?" Ya ce, "Ɗan nan, bokiti ruwa yake tsarewa a ciki, in facin ya saki, ruwa ya zube, mai shi ta zo ta yi mita in sake mata. Wannan kuwa a waje yake tsare ruwa. In ya saki, wa zai zo ya yi mini mitar?"

Ranar farko bai taɓa wuta ba sai don gwaji. Ya sa aska ya yanko ɗan siririn yanki daga leɓen jirgin, inda ba zai cuce shi ba. Ya jefa a kofin ruwa, ya taso sama. Ya karce shi da farce, ya yi sawu. Ya kusanta shi ga wuta, ya narke yana ɗiga, yana warin kyandir. Ya ce wannan ita ce wadda shi yake kira "mai maiƙo", dangin jarka da tankin ruwa. Ya ɗauko guntun karyayyiyar kujera ya gwada haɗa su, suka narke tare kamar sun kama, da suka huce ya ɗan murɗa, suka rabu. Ya gwada da yankin tsohon tankin ruwa, irin wanda ake ɗorawa a saman gini. Da ya huce ya murɗa, ya ja, ya sa haƙori, bai saki ba.

Da na koma makaranta na kai wannan labari ga wani abokina da ke sashen kimiyyar haɗa sinadarai, shi ya warware mini zare da abawa. Abin da muke kira roba ɗungurungum, abubuwa ne daban-daban. "Mai maiƙon" kawu ita ce foliyetilin, wadda aka gano a kamfanin ICI na Ingila a 1933, sa'an nan wani Bajamushe, Karl Ziegler, ya samo hanyar yin mai ƙarfinta a 1953. Ta kujera kuwa folifirofilin ce, wadda Giulio Natta na Italiya ya fitar a 1954. Su biyun nan aka haɗa aka ba kyautar Nobel a 1963. A nan gida masana'antar Eleme da ke kusa da Fatakwal tana yin duka biyun, irinsu ne kuma masana'antun roba na Kano ke narkawa su zuba bokitai da kujeru. Ta farko tana narkewa a wajen digiri 130 na ma'aunin Selsiyos, ta biyu sai an kai wajen 160, kuma ko an narka su tare ba sa cuɗanya sosai, kamar ruwa da mai. Auren dolen da kawu ke faɗa ke nan. Dalilin da gam ba ya kama foliyetilin kuwa, fuskarta santsi gare ta irin na kakin zuma, ba ta da inda gam zai riƙe. Abokin nawa ya juya gindin wata jarka ya nuna mini ɗan alwatika da lamba 2 a ciki. Ya ce tun 1988 aka fara wannan tsari a Amurka: 1 ta gorar ruwan sha ce, 2 ta jarka, 3 ta bututun famfo, 4 ta leda, 5 ta kujera da yawancin bahuna. Ta bututun nan, in ta ƙone, hayaƙinta guba ne. Kawu bai san lamba ko ɗaya ba, amma da ma ita ce yake ƙin sa wa wuƙa a cikin rumfa, yana cewa tana sa shi tari.

Har zaɓen tanki da ya yi ma yana kan hanya. Irin waɗannan ƙananan jirage, da aka fara yi da yawa a Amurka a shekarun 1970, hanyar yin su ɗaya ce da ta tankin ruwa: a zuba garin roba a cikin ƙwarya ta ƙarfe, a rufe, a yi ta jujjuya ta a cikin tanderu har garin ya narke ya shafe ko'ina, ya fito guda ɗaya ba mahaɗi. Ashe da jirgin da tankin 'yan ɗaki ɗaya ne.

Mu koma gida. A rana ta biyu kawu ya ce wuƙa ba za ta yi wannan aiki ba. Wuƙa mai zafi fatar sama kawai take narkawa, kuma zafinta ba ya tsayawa wuri ɗaya, da an zaro ta ta yi yawa ta ƙona, an jima kaɗan ta yi sanyi. Jikin jirgin kuwa kauri gare shi. Muka hau mota muka shiga birni, kasuwar Ƙofar Ruwa, wurin wani abokinsa da ke waldar bambar mota da fuskar babur. Wannan mutum yana da na'ura mai kama da abin busar da gashi, tana fesa iska mai zafin da kan kai digiri 300, da siririn baki na ƙarfe. Ya koya wa kawu yadda ake riƙe ta, ya ba shi aro bisa amana, ya ƙara masa da guntun raga ta ƙarfen da ba ya tsatsa. A ƙauye muka yi hayar ɗan janareton mai cajin waya.

Sai rana ta uku aka fara aikin sosai, da hantsi, a cikin zaure, don kada iska ta riƙa kwashe zafin. Ya wanke wurin da omo ya bar shi ya bushe. Ya kankare duk sauran kwalta da gam, ya ci gaba da kankara har shuɗin da rana ta kodar ya tafi, sabon launi ya fito, domin ya ce matacciyar fata ba ta kama walda. Sa'an nan ya yi wani abu da na gane asalinsa nan take: ya huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar. Haka kakana ke yi wa ƙwarya kafin ya fara ɗinki, don tsaga in ta iske rami zagayayye sai ta tsaya, ba ta samun tsinin da za ta bi ta ci gaba. Bayan haka ya sa aska ya fafe leɓunan tsagar, ya yi mata kwari kamar kunya, don narkakkiyar roba ta sami wurin kwanciya har ƙasa. Ya yanka yankin tankin nan sirara-sirara kamar tsinken tsire, ya kankare su su ma.

Waldar kanta aikin haƙuri ce. Ya fara ɗan ɗosa tsagar nan da can don leɓunan su daidaita. Sa'an nan ya kafa tsinken roba a tsaye a bakin kwarin, yana kaɗa iskar tsakanin tsinken da jikin jirgin, don su yi laushi lokaci ɗaya. Nan ne asirin yake. In tsinken kaɗai ya narke, jikin bai narke ba, to ɗori aka yi, zai yi kyau a ido amma farce zai iya ɓare shi. In kuma zafi ya yi yawa, robar ta yi ruwa ta fara hayaƙi da launin ƙasa-ƙasa, ta ƙone ke nan, ta zama gautsi. Alamar da yake jira ita ce fuskar ta yi sheƙi kamar an shafa mai. Da ya ga haka sai ya danna tsinken a hankali yana tafiya da shi, 'yar narkakkiyar roba na tasowa gefe da gefe. Layi uku ya yi kafin kwarin ya cika. Ya juya jirgin, ya yi wa ciki haka nan, ya kwantar da ragar ƙarfen a kai, ya dumama ta har ta nutse cikin robar, ya rufe ta da wani shafi. Wani yaro ya ɗebo ruwa zai zuba don ya huce da wuri, kawu ya daka masa tsawa. Ya ce ruwan sanyi kan sa wurin ya takure farat ɗaya, ya bar wata ɓoyayyiyar tsaga a ciki. Hausawa na cewa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, amma a wannan sana'a in ba a bari ya huce don kansa ba, aikin banza aka yi.

Da yamma ya shimfiɗa busasshen yashi a tsakar gida, ya ɗora jirgin a kai, ya sa muka cika shi da ruwan rijiya ya kwana. Da asuba muka kwashe ruwan muka ɗaga, yashin nan a bushe ƙarau. Bai tsaya nan ba. Da dattijon ya zo, kawu ya bi shi har bakin dam, ya sa aka loda buhunan yashi da suka fi nauyin mutum biyu, aka tura jirgin a ruwa mara zurfi, aka girgiza shi, aka bar shi har azahar. Sa'an nan ya karɓi kuɗinsa, ya kuma kafa sharaɗi: kada a riƙa jan jirgin a kan tsakuwa, kuma in an fito a kife shi a inuwa, domin ranar ƙasarmu tana cin roba. Wanda ya taɓa ɗaukar tsohon bahon da ya shekara a rana ya ji ya karye masa a hannu kamar ƙanzo ya san wannan. Irin wannan roba, in ji kawu, ba ta da magani, ko an yi mata walda gefen waldar ne zai tsage.

Abin da ya sa labarin nan ya tsaya mini a rai ya wuce jirgi ɗaya. Mutanen Kano ba su manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, da jirgi ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Wancan lodi ne ya yi yawa. A watan Mayu na shekarar kuma, wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya dare a Kogin Kwara kusa da Wara, a Jihar Kebbi. Allah ya jiƙansu. Irin waɗannan haɗurra ne suka sa a 2025 ministan harkokin teku, Adegboyega Oyetola, ya yi kira ga jihohi da su daina amfani da jiragen katako, su koma na faiba da na alminiyam. Ban ƙi wannan shawara ba. Amma jirgin katako, duk da aibinsa, yana da kafintansa a kowace mashaya, wanda ya san itacen, ya san ƙusa da tsumma da kwalta. In an kawo sabon jirgi, ran da ya hau kututture, wa zai gyara shi? Talaka dai ba zai yar ba. Zai kai wa wanda ke kusa, wanda ke kusa kuwa shi ne mai kurfoti a gindin darbejiya. In an dace da irin kawu, to madalla. In kuwa an faɗa hannun wanda zai shafa wuƙa a sama ya karɓi kuɗinsa, facin zai yi kyau a tudu, sai an kai tsakiyar ruwa zai nuna halinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina ganin kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyon sana'a da ke Kano za su iya tara masu facin nan su ba su horo na 'yan makonni, cikin Hausa, a kan lambobin nan da zafin kowace roba da na'urar iska. Mu ma 'yan ƙungiyar Hausa akwai rabonmu a ciki, don kalma ɗaya tak muke da ita, "roba", muna kiran taya da ita, da jarka, da bututu, da gorar ruwa, alhali kuwa bambancin da ke tsakaninsu yana iya zama bambancin kaiwa gaɓa da rashin kaiwa.

Bayan wata biyu labarin gyaran ya bazu a bakin ruwa, sai wani mai hali ya aiko a ɗauki kawu a mota ya duba masa nasa jirgin, babba, fari, mai wurin ɗaura inji, wanda gefensa ya fashe. Na raka shi. Kawu ya ƙwanƙwasa, ya ji yana amo kamar faranti. Ya leƙa bakin fashewar, ya ga wasu zaruruwa farare sun fito kamar gashin masara. Ya ɓalli ɗan guntu ya sa a ruwa, ya nutse. Ya sa masa wuta, ya yi baƙi yana hayaƙi, bai narke ba. Wannan shi ne faiba, watau zaren gilashi da aka jiƙa da wani irin ƙaro ya daskare. Abin da ya daskare ta wannan hanya ba ya komawa ruwa, saboda haka ba ya waldawa, gyaransa sai an goge wurin, an shimfiɗa sabon ƙyallen gilashi hawa-hawa ana shafa masa ƙaron.

Kawu ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Alhaji, wannan ba dangina ba ne."

Mai jirgin ya ce, "Haba Malam, kai da ka gyara na tsohon nan? Ka dai liƙa mini ko yaya ne, zan ninka maka kuɗin."

Kawu ya ce, "Allah ya ƙara arziki, Alhaji. Liƙawa kam zan iya, har ka ce madalla. Amma ba zai riƙe ba, kuma mutane za ka ɗauka."

Ya kwatanta masa masu gyaran jikin mota a birni da ke aiki da ƙyallen gilashi, ya ce a fara tambaya a can. Ko kuɗin mota bai karɓa ba, a kan babur ɗin wani mai kai latas kasuwa muka dawo gida, mu uku, da buhun guntayen robarsa a kan cinyata.